Hasken da Na Sakar wa Hoton Cecilia

Ina gaishe ku, ku da kuka jure kuna bin wannan labari nawa. Wata a cikinku ta rubuto ta ce ita ta gaji da yadda nake wanke kaina, wai kullum Rahila ce mai gaskiya. To 'yar nan, yau ki gyara zama. Abin da zan faɗa, har mahaifiyata ta koma ga Ubangiji ba ta ji shi daga bakina ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Rahila, 'yar Haggai tela. A shekarar 1957 ina da shekara goma sha tara. Muna zaune a Kontagora, bayan kasuwa, a gida mai ɗaki uku da zaure, inda Baba ya kafa keken ɗinkinsa. Asalinmu Rijau ne. Mai nemana kuwa Sati ne, mutumin Zugurma, wanda ya koyo ɗaukar hoto a Minna ya dawo ya buɗe ɗan shago kusa da tashar mota. Shekara ɗaya da rabi yana zuwa zance, amma ko goro ɗaya manyansa ba su kawo gidanmu ba.

Wata safiya Baba ya kira ni zaure. Yana zura zare a allura, bai ko ɗago ba.

"Ni ba zan ɗaure ki in kai ki ko'ina ba," in ji shi. "Amma mutanen Malam Jacob sau biyu suna tasowa daga Rijau, sau biyu ina ba su ruwa su koma. In aka yanke dawa yaron nan mai hoto bai turo kowa ba, ki zo ki faɗa mini abin da zan gaya musu. Na gaji da jin kunya."

"To, Baba."

Malam Jacob malamin makaranta ne, ba shi da aibu ko ɗaya. Ni dai in ya yi magana barci nake ji.

A makon nan ne Cecilia ta sauka a gidanmu. 'Yar ƙanin Baba ce, na girme ta da shekara guda. Ta gama makarantar mishan, an ɗauke ta koyon aikin jinya a Kaduna, za ta zauna da mu har lokacin tafiya ya yi. Na san ta tana yawo da majina a Rijau. Wadda ta sauko daga mota kuwa, riga ce a jikinta mai shuɗin furanni, ta matse a ƙugu ta buɗe a ƙasa, da farin takalmi mai igiya, da jar lema, gashinta a miƙe yana ƙyallin mai. Ni ina tsaye da zanen atamfa da ya ga wanki ya gode, hannuna duk ƙullun dawa.

"Yaya Rahila, kin yi kyau," ta ce, ta rungume ni.

Na ce a raina, ba'a ce ko gaisuwa?

Makarantar ta nemi hotonta, don haka ni da ƙafata na kai ta shagon Sati. Ya shimfiɗa baƙin zane a bango, ya zaunar da ita a kujera, ya kafa akwatin hotonsa mai ƙafa uku, ya shige ƙarƙashin mayafi. Ya fito, ya dube ta, ya sake shiga. Sai ya tako ya sa yatsa biyu a haɓarta.

"Ɗago kaɗan. Juyo wajen haske. Haka. Kada ki motsa."

Aikinsa ne. Na sha ganin ya yi wa tsofaffi haka, ya yi wa 'yan doka. Amma ranar nan yatsun nan biyu a maƙogwarona na ji su. Da aka gama ko sallama ban tsaya yi ba, na riga ta fita.

Bari in yi muku bayanin yadda hoto yake a lokacin, don ku gane girman abin da na yi. Ba a takarda yake fara fitowa ba, a kan gilashi ne, kuma a juye: baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, haƙoran mutum kamar gawayi. Sai an ɗora takarda a jikin gilashin sannan mutum ya dawo kamanninsa. Wankin gilashin kuwa a duhu ake yi. Sati na da ɗan ɗaki a bayan shago, ya toshe kowace kafa da laka da tsumma, ba haske sai fitila mai jan gilashi. Dokarsa ɗaya ce: in ka ga jan ƙyalle a rataye a ƙofar, ko gobara ce sai ka jira.

Washegari da la'asar Cecilia ta ce za ta je gaida matar Fasto. Ta shafa hoda, ta fita. Ni kuma na ƙulla dafaffiyar gyaɗa a ƙyalle na nufi shagon Sati, wai in wanke fushin jiya.

Ba kowa a shagon. Jan ƙyalle na rataye a ƙofar baya. A kan benci kuma ga jar lemar Cecilia.

Na tsaya ina kallon lemar nan. Sai na jiyo muryarsa daga ciki, ƙasa-ƙasa, irin muryar da na ɗauka tawa ce ni kaɗai.

"Yauwa, fito mini. A hankali. Kai, Allah ya yi halitta a nan."

Ban san sa'ad da gyaɗar ta faɗi ba. Na danna ƙofar da kafaɗa. Akwai buhun yashi da yake tokare ta da shi ta ciki, don haka taƙi ɗaya kawai ta buɗu, wato faɗin buɗaɗɗen hannu. Hasken la'asar ya shiga siriri, ya sauka a kan tasar maganin. Na leƙa. Sati ne a sunkuye, shi kaɗai, da gilashi a cikin ruwa.

"Rufe!"

Na ja ƙofar. Duka abin bai wuce a ƙirga uku ba. Ku riƙe wannan, domin ni na riƙe shi sarai.

Ya daɗe kafin ya fito, hannuwansa na warin maganin nan mai tsami.

"Me kike nema, Rahila?"

"Na ɗauka ba ka ciki."

"Da jan ƙyalle a ƙofa?"

Idonsa ya je kan lemar, ya dawo kaina. Ya ɗauko ta ya miƙo mini.

"Jiya ta manta da ita. Ki kai mata. Ki ce ta dawo jibi a sake ɗauka, wancan ya lalace."

Ashe da hoto yake magana. Haka yake yi in fuska ta fara bayyana a cikin magani, ko ta jaki ce. Na koma gida da lema a hannu, kunya kamar ta kashe ni. Amma don Allah kada ku ɗauka kunya kaɗai na ji. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan daɗi, cewa fuskar nan da ya yaba ta ƙone.

Ni da Sati muna da hanyar aika saƙo. Ran Lahadi yakan ajiye littafin waƙarsa a tagar majami'a, in zo in ɗauka kamar nawa. A wannan Lahadin na sami 'yar takarda a ciki: "Rahila, ki biyo ta shago gobe. Ki zo ki ga aikin hannunki. Ban yi fushi ba. S."

Da na je, na tarar da mutane tsaye a bakin shagon. Direbobi, 'yan kamasho, mata masu tallar fura da ƙwaryarsu a ka. Na kutsa.

Bai jefar da gilashin ba. Ya ce zuciyarsa ce ta ƙi, ya buga shi a takarda don ya ga irin ɓarnar. Abin da ya fito shi ne ya rataye a ƙofa.

Cecilia ce, amma ba irin wadda ke kwana a ɗakina tana munshari ba. Baƙin zanen bayanta ya koma fari-fari kamar azurfa. Inuwar ƙarƙashin haɓarta da duhun gashinta, duk inda ya kamata a ga baƙi, ya juye ya zama haske. Goshinta da kumatunta kuwa suna nan yadda suke. Sa'an nan wani siririn baƙin layi ya bi gefen fuskarta, ya sauko wuya, ya zagaye kafaɗa, kamar an zauna an zana ta da kwalli. Rabin hoton gaskiya ne, rabi a juye. In ka dube ta sai ka ga kamar daga cikinta hasken ke fitowa.

Yanzu ina ganin jikokina suna taɓa wani wuri a waya, hoto ya juye haka nan take, su yi dariya su goge. A Kontagora ta wancan lokaci ba wanda ya taɓa ganin irinsa.

"Wannan ba mutum ba ce," in ji Fure mai fura. "A sauke ta kafin ta fara yawo."

"In aljanu haka suke, ni a kai ni," in ji wani direba.

Sati ya jawo ni ciki, idanunsa na sheƙi.

"Kin gani? Hasken da kika saki ne. Ya sami gilashin yana tsakiyar wanki, sai ya cinye wuraren da ba su riga sun kama ba, ya juya su. Shekara huɗu na yi a Minna ban ga maigidana ya yi wannan ba."

Na ce, "Madalla."

Kun ji irin tawa. Na je in kama ta, na ɓige da yi mata ado. Garin nan kaf aka san sunanta. In mun fita ɗiban ruwa sai a riƙa nuna ta, ni kuma na zama "yayar mai hoton nan".

Bayan kwana biyar wata Baturiya, matar injiniyan hanya, ta tsayar da mota a bakin shagon. Ta daɗe gaban hoton. Da gurguwar Hausarta ta gaya wa Sati cewa a ƙasarsu manyan masu hoto da gangan suke yin haka, har ta faɗi sunan abin da Turanci, ni dai bai zauna mini ba. Ta ce ta san wani mai babban shagon hoto a Kaduna da ke neman hannu. In Sati ya ƙara yin biyu irin wannan, ta tabbata ba sa'a ba ce, za ta tafi da su ƙarshen wata ta nuna masa.

Kaduna. Da Sati ya faɗa mini, kalmar nan kaɗai na ji. A idona na gan su a mota ɗaya, lemarta a buɗe a kansu.

"Akwati ɗaya na gilashi ya rage mini, guda goma sha biyu," ya ce. "Wani ba zai iso daga Ikko ba sai bayan Kirsimeti. Ni ranar nan baya na ba ƙofa, kuma hankalina ya tashi, ban lura da komai ba. Ke kika buɗe. Yaya faɗin buɗewar? Kuma ta daɗe kamar yaya?"

Ya tsare ni da ido kamar yaro gaban malami. Amsar tana kan harshena: taƙi ɗaya, ƙirga uku.

"Wangale ta na yi," na ce. "Kuma ta kai ƙirga goma."

"Buhun bai tare ta ba?"

"Na ture shi."

Ya rubuta a littafinsa. Har da godiya.

Abin da ban hango ba shi ne, ya ce ba zai canja komai ba, don ya gane ainihin abin da ya jawo juyin. Fuska ɗaya, zane ɗaya, la'asar ɗaya. Wato dole Cecilia ta riƙa zuwa. Ni kuma aikina tsayuwa a bakin ƙofa, in ya ce "yanzu" in wangale in ƙirga da ƙarfi.

Gilashi na farko ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na biyu ma haka. Ya ce ko ya yi saurin kira ne, ya jinkirta. Baƙi. Ya sake haɗa magani. Baƙi.

"Ko mu rage haske?" ya tambaye ni a na biyar.

"Ai ni na buɗe, ni na sani. In ma da kuskure, ƙari yake so."

A na shida ya rage ƙirgar zuwa biyar ba da shawarata ba. Amma da yake ƙofar a wangale take, wannan ma ya ƙone.

Kowane gilashi da ya mutu, sai Cecilia ta sake ado ta dawo. Yau ta ari 'yan kunnena na azurfa, gobe ta ɗaura ɗankwalin Inna mai ruwan goro. Baba ma da kansa ya ɗinka mata riga mai wuyan jirgi, wai kada 'yarsa ta je Kaduna a hoto da tsohuwar riga. Ina tsaye a gefe ina kallon yatsun nan biyu suna ɗaga haɓarta sau bakwai, sau takwas. Sun fara raha irin ta waɗanda suka saba. Yana ce mata "Likita", tana ce masa "Sarkin Inuwa". Ni na haɗa wannan zama da bakina, kuma ba halin in fasa.

A tsakiyar haka wasiƙar Malam Jacob ta zo, da rubutunsa mai tsabta kamar na allo. "Zuwa ga Rahila. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke na gama rufin ɗaki na biyu, na kuma dasa mangwaro guda biyu a tsakar gida. Ina nan ina addu'a." Inna ta sa na karanta mata sau biyu tana tankaɗe.

"Mai dasa mangwaro zama ya zo yi," ta ce. "Naki kuwa kullum kansa a cikin mayafi."

"Mutumin kirki ne fa, Yaya," in ji Cecilia daga bakin murhu. "Ya koyar da ƙannena. Ko tsawa ba ya yi."

Na juyo na dube ta. Wato in tafi Rijau in bar miki fili.

"In ya yi miki, ai ga ki ga shi," na ce.

Inna ta ɗaga rariya ta nuna ni da ita.

"Wannan bakin naki, wata rana shi zai kore miki baƙi."

Ranar da na tara ya ƙone, Sati ya sallami Cecilia, ya fito ya zauna a benci da gilashin a cinyarsa. Ya rame a makonnin nan, maganin ya cinye fatar yatsunsa har ta yi ja. Ya ɗaga gilashin wajen haske. Ba komai a ciki, ko alamar hanci.

"Saura uku," ya ce. "Ɗaya na ɗauka yau, yana ciki ban wanke ba. Tsoro nake ji."

"To ka haƙura mana. Dole ne sai Kaduna? Nan ɗin me ya yi maka?"

Ya yi ɗan murmushi da bai kai ido ba.

"Akwai abin da ban gaya miki ba, don kada ranki ya ɓaci. Sau uku ina zuwa Zugurma wajen Kawu Na'Allah. Tun rasuwar babanmu shi ne uba. Ya ce ba zai taka ƙafarsa ya je nema wa mutum mata ba, alhali sana'arsa kama inuwar mutane ce a bakin tasha. Ya ce in dawo gona, ko in nuna masa takardar aiki mai hatimi. Gona kuwa kin san ba zan iya ba." Ya ajiye gilashin a ƙasa. "Na san wa'adin da Baba ya ba ki. Cecilia ta faɗa mini. Takardar nan nake bi, Rahila, kafin a yanke dawa."

Wallahi sai a lokacin na gane abin da na ƙona.

Ina iya yin shiru. Ina iya cewa, bari mu gwada kaɗan, ko Allah zai sa a dace, in fito a matsayin mai dabara. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ina kallon jan yatsun nan sai bakina ya riga ni.

"Taƙi ɗaya ne."

"Me?"

"Ƙofar. Buhun ya tare ta, taƙi ɗaya ta buɗu. Kuma ƙirga uku ne, ba goma ba."

"Yanzu kika tuna?"

Ya ba ni hanyar fita, kun gani. Na ƙi bi.

"Ban taɓa mantawa ba."

Ya daɗe yana kallona. Wata mota ta tashi a tasha, ƙararta ta cika shagon ta wuce.

"Tara," ya ce daga baya. "Sau tara kina tsaye kina ƙirga mini da bakinki."

"Na ɗauka in ka tafi, da ita za ka tafi."

"Kin tambaye ni?"

Ya tashi, ya jawo buhun yashi ya mayar bayan ƙofa, ya rataya jan ƙyalle.

"Tsaya inda kika tsaya ranar nan."

Ya shiga. Na jira, ina jin motsin ruwa a tasa. Wannan karon bai yi wa hoton magana ba. Da ya ce "yanzu", na tura har ƙofar ta daki buhu, na ƙirga uku a zuci, na ja.

Ya fito da gilashin yana ɗigar ruwa, ya ɗaga shi. Ko ni da ban iya karanta gilashi ba na ga siririn layin nan ya zagaye fuskarta. Ya yi.

Na jira ya dube ni. Ya ce, "Ki gaida su Inna."

Sauran biyun ba da ni aka yi ba. Cecilia ce ta ba ni labari, wai ya ɗaura igiya a ƙofar yana ja da ƙafa, yana ƙirga abinsa. Ɗaya ya ƙone, ɗaya ya fito. Baturiya ta karɓa ta tafi da su.

Lahadi ta zo, na je taga. Littafin waƙar na nan, na girgiza shi, ba komai. Lahadi ta biyu ko littafin babu. A gonakin bayan gari dawa ta sunkuya, aka fara wasa lauje. Inna ta daina yi mini faɗa, abin da ya fi faɗan ciwo.

Labarin Kaduna ma a bakin Cecilia na ji. Da hantsi ne, tana zaune tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitson tafiya, akwatinta a buɗe a gefe.

"An ɗauke shi," ta ce. "Takardar ta zo shekaranjiya. Ya tafi Zugurma da ita."

Na ci gaba da tsaga. Hannuna ya yi nauyi, ta ce wash, ban ba ta haƙuri ba.

"Yaya, ya faɗa mini abin da kika yi."

"Har hirata kuke yi."

"Da ma hirarki muke yi. Tun ranar farko. Me Rahila take so, me Baba ya ce, wane launi ya fi yi mata kyau. Har na gaji, na ce masa Sarkin Inuwa, ni fa aka zaunar a kujerar nan." Ta murza bakin zanenta. "A zama biyu na ƙarshe bai tambaye ni ke ba. Ko sau ɗaya."

"To sai me?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, tunda ƙarya ta ishe mu a gidan nan. Da na zo, ko kallonsa ban yi ba. Ke kika yi ta mayar da ni kujerar nan. Da ya daina tambayarki, sai na ji ban ƙi ba."

Na saki gashin. Mataji na hannuna, kuma na gode Allah da bai nuna mini abin da zan yi da shi ba.

"Ya ce miki wani abu?"

"Bai ce ba. Ni ma ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Amma kin tambayi zuciyata da ido tun ranar da na sauka, yau na ba ki amsa."

Na ƙarasa mata kitson. Ban san yadda na yi ba, amma ya fito daidai, layi bakwai.

Kwana uku bayan haka, ranar Laraba, muna tsakar gida ni da ita muna sussukar dawar farko da aka aiko wa Baba daga Rijau, ba mai yi wa wata magana. Sai muka ji sallama a zaure, muryar tsoho, Hausarsa da nauyin harshen Kambari. Keken ɗinkin Baba ya tsaya. Inna ta leƙa ta dawo da sauri tana gyara ɗaurin zane.

"Daga Zugurma ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Su biyu, da ƙwaryar goro."

Na saki taɓarya. Na matsa jikin zana na kasa kunne. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gona, aka tambayi hanya. Sa'an nan tsohon ya yi gyaran murya.

"Ni ne Na'Allah, kawun Sati mai hoto. Ya nuna mini takarda, na cika alkawari. Mun zo neman iri a gidan nan."

Baba shi ne babba a ɗakinsu. Auren 'ya'yan ƙannensa ma a hannunsa yake.

"Madalla da zuwanku," ya ce. "Sai dai 'ya'ya biyu ne a gidan yanzu. Wacce?"

Tsohon ya yi tari, ya ce ƙurar mota ta shaƙe shi, a taimaka masa da ruwa tukuna.

Inna ta ɗebo a sabuwar ƙwarya ta juyo. Ni da Cecilia muka miƙa hannu tare. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta ɗora mini.

Na shiga zaure da sallama, na durƙusa. Tsoho ne dogo mai furfura, da idanu irin na Sati sak. Bai karɓi ƙwaryar ba. Ya sunkuyo ya ƙare mini kallo, daga ɗankwali har zuwa hannuwana masu ƙaiƙayin dawa.

Sa'an nan ya ce, "'Yata, ke ce Cecilia?"